Ki Sauke Hoton Nan Daga Bango

Unguwar Jaradiya, Riyad,
Ranar Juma'a, cikin goman tsakiya na watan azumi.

Zuwa ga ƙanwata Delou, a Jiratawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da barka da ibada, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki da duk mai cin tuwon gidanki. Allah Ya sassauta miki ciwon ƙafar nan da 'yarki Sahadatou ta ce yana hana ki tsayuwa a salla. Allah Ya ji ƙan Baba da Inna, Ya haskaka makwancinsu albarkacin wannan wata. Ni nan alhamdu lillahi, ban da tarin da sanyin bana ya bar mini da idon hagu da ya fara hazo. Ɗana kuma ɗanki Hamissou yana nan lafiya, yana gaishe ki da guntuwar Hausar da ta rage masa a baki.

Kin san ban yi lakkol ba, allon ma ban yi nisa ba. Maulud ne ke rubuta mini, wani Badamagare mai wanki da guga da muke bango ɗaya da shi. Na gaya masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya goge mini magana kamar yadda yake goge wuyan riga. Ban kira ki a waya ba don ke ba ki barin mutum ya kai ƙarshen zance, tun kina yarinya haka kike. Saƙon murya kuwa kafin la'asar ya zaga gari. Mariamou matar Abdou za ta koma gida in ta gama umra, ita za ta kawo miki. Ki sa Sahadatou ta karanta miki a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba.

Saƙonki ya iso. Kin ce jikanki Bachir ya iya ƙwallo, duk Jiratawa ba kamarsa. Kin ce wani dillali a Maradi ya zo har gida, ya ga hotona a bangonki ina riƙe da kofi, ya ce tunda yayanki babba ne a ƙungiyar ƙwallon kulliya ai aiki ya ƙare, shi zai kawo yaron, ni in shigar da shi. Kin ce a sayar da garkar gulbi da Baba ya bar mana a yi masa guzuri, kuma tunda ba a raba gadon ba sai na dangwala yatsana a takardar yarda. To ki ji amsa tun yanzu, kada ki wahalar da Sahadatou: ban yarda ba. Ba bana ba, ba baɗi ba. Na san kin fara zagina a ranki, kina cewa Buraima ya ƙoshi ya manta da na baya. Ki zage ni, amma ki bari a karanta har ƙasa, don zan gaya miki yadda ƙungiyar ƙwallo ke zama babba. A gabana aka yi, tun tana birgima cikin tsakuwa.

Kin tuna shekara goma sha biyu na yi a gonar dabino a Dir'iyya kafin a sayar da ita. Daga nan na koma wannan kulliya, makarantar manyan yara ce ta wani attajiri, su ne suka zama kafil ɗina, wato a ƙarƙashinsu takardar zamana take, wadda ake ce wa iƙama. Shara aka ɗauke ni. A bayan ginin akwai wani fili, tsakuwa ce zalla, sandunan gola kuwa tsohon bututun ruwa. Akwai wani malamin motsa jiki Basudane, dogo, mai saurin fushi da saurin dariya, kowa Ustaz yake ce masa. Shi ya tara yara ya ce ƙungiya ce. A bayan motarsa ƙwallaye ke kwana, matarsa ke wanke rigunan. In suka je gasar makarantu a ci su bakwai, a ci su tara, ɗaliban wasu jami'o'i su bi motarsu suna kiransu 'yan tsakuwa. Yaran su dawo gwiwoyi duk a saɓule, ni nake kawo musu ruwan ɗumi da gishiri.

Wata rana bayan la'asar Ustaz ya zauna a kan bokitina yana cewa da yana da ciyawa da ya nuna wa garin nan aiki. Na ce masa na san ciyawar da ba ta mutuwa. Delou, kiri-kiri nake nufi, wadda Baba ya yi ta yaƙi da ita a gindin garka har ya koma ga Allah bai ci ta ba. Akwai ta a kwarin Hanifa, bakin magudanan gonakin dabino, su suna ce mata najil. Ustaz ya yi dariya har ya kusa faɗowa daga bokitin, ya ce ya shayib, wato tsoho, ai wannan abincin jakuna ne. Na ce masa yaran da ake ci tara ba ko ɗaya ba su fi ƙarfin abincin jakuna ba. Juma'ar da ta biyo muka tafi da buhuna. Haka muka yi ta yi, Juma'a bayan Juma'a. Na tsince tsakuwar da hannu, na dasa saiwar ɗaya bayan ɗaya kamar dashen albasa, taƙi guda tsakani. Ruwa kuwa na alwalar masallacin kulliya da ke zubewa banza na ja da tiyo. Taki na kasuwar tumaki, bayan layya nake ɗebo shi in tara a bayan katanga, in rufe da tamfol ya ruɓe har ya yi baƙi ya daina wari, sai sanyi ya kusa fita in watsa. Shekara biyu kafin filin ya haɗe baki. Ban taɓa shiga shi da takalmi ba. Tafin ƙafata ke gaya mini inda yake jin ƙishi.

Wannan shi ne matakin farko, kuma shi ne wanda ba a sa shi a talabijin. Yara masu ƙafa suka fara jin labarin akwai wata ƙaramar kulliya mai ciyawa da mahaukacin malami, suka riƙa zaɓen ta. A lokacin tsohon mai makarantar yana da rai, mutumin kirki ne, yakan ba 'ya'yan ma'aikata gurbi. Haka Hamissou ya shiga, ɗan mai shara, yana karatun lissafin kasuwanci yana tsaron baya a ƙungiya. Ustaz ya hana yaran nan cin abinci kowa da kwanonsa. Faranti ɗaya na shinkafa, ɗan attajiri da ɗan direba hannu a ciki. Shekara uku suna tare ba wanda ya canza, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya ba sai ya duba ba. Aka daina cin su bakwai, aka koma biyu, suka fara yin kunnen doki, sannan suka fara ci. Uwar Hamissou, Muhibba, wadda ba ta san ko mutum nawa ke wasan ba, sai ga ta tana dafa zoɓo ta zuba a jarka tana ba ni in kai musu.

Ranar wasan da zai hau da su rukunin manya, gwiwar Hamissou ta kumbura tun kwana uku kafin nan. Na ce kada ya shiga. Ya ce mini ya Baba, halas, wato zance ya ƙare, babu wanda zai tsaya a gurbinsa. Aka yi masa allurar kashe zafi ya shiga. Suka ci ɗaya da nema. Da aka busa tashi na ga abokansa sun ɗauko shi a kafaɗa, na cire hula ina ta ihu kamar yaro, ina cewa ɗana ne, ɗana ne. Ashe ba murna ta sa suka ɗauke shi ba, tsayuwa ce ya kasa. Ustaz ya yi kuka a gabana ranar, ya ce laifinsa ne. Na yafe masa, don shi aƙalla ya yi kukan.

Daga nan sai mataki na biyu. Tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka gaji makaranta. Su suka gane cewa in ƙungiya tana cin wasa sunan kulliya yana shiga kowane gida, iyaye su kawo 'ya'yansu. Wani tsohon ɗalibi mai kamfanin gine-gine ya zo ya sa sunansa a ƙirjin riguna, ya gina rumfar 'yan kallo da ɗakin ɗaga ƙarfe. Aka kawo koci Bature da tafinta da likita da mai tausa, har da wani wanda aikinsa kawai ya auna abin da yara ke ci. Farantin nan guda aka ɗauke shi, kowa aka ba shi roba da sunansa a jiki. Ustaz aka mai da shi mai jera 'yan huluna na roba a fili. Ya daure shekara guda, sannan suka kira shi gaban mutane suka ba shi wani allon gilashi na yabo, aka tafa masa, washegari ofishinsa ya zama wurin ajiye takalma. Ya koma ƙasarsu, ga yaƙi yana ci a can. Tun bara wayarsa ba ta shiga.

Ki buɗe kunne nan, don a nan maganar Bachir take. Da ƙungiya ta yi girma ba ta jiran yaro ya zo, ita ke zuwa ta zaɓa. Suna da mutane masu zagaya makarantun koyon ƙwallo da komfuta a hannu, suna bin yaro tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Sun san bugun zuciyarsa, sun san jininsa, sun san ko ƙashinsa ya gama tsawo. Kowace shekara a tara fiye da ɗari a gwada, a ɗauki biyar, a ba su minha, wato karatu kyauta muddin suna wasa. Sauran su koma gida da jakunkunansu, ni nake buɗe musu ƙofa. Waɗanda aka ɗauka ma a ɗaura musu wata 'yar riga kamar rigar mama, da na'ura a tsakanin kafaɗu, ita ke kai tsegumi ga koci cewa wane bai yi gudu ba, wane ƙafarsa ta hagu tana jinkiri. Ita ta kai ƙarar Hamissou. Ya yi jinya ya dawo, yana ɓoye ɗingishinsa, ni kaina ban cika ganewa ba, amma na'ura ta gane. Aka ce ba ya cikin tsarin baɗi. Sababbin masu makaranta suka ce gurbin 'ya'yan ma'aikata ya tafi da tsoho, nasa yanzu minhar wasa ce, ba wasa ba karatu. Saura shekara guda ya karɓi shahadar gama karatu, Delou. Shekara guda. Cikin shekara biyu duk yaran da suka hau da ƙungiyar babu ko ɗaya da ya rage.

A shekarar Muhibba ta kwanta. Maulud ya ajiye biro ya ce kada in ce su suka kashe ta, wai ajali ne kuma muna cikin azumi. Na sani ajali ne. Ban ce sun kashe ta ba. Na ce dai tun ranar da yaron ya shigo da jakarsa ya jefa ta ƙarƙashin gado ba ta ƙara cin abinci ta ƙoshi ba. Rubuta haka, Maulud. Yanzu Hamissou yana kan babur yana kai wa mutane abinci gida-gida, cikin rana cikin sanyi. In ya hau bene uku sai ya zauna a matakala ya huce. In aka kunna ƙwallo a shagon shayi tashi yake ya fita.

Wannan ɗana ne, wanda aka haifa a nan, Larabci a bakinsa kamar ruwa, da takardar sakandare, da ubansa a cikin gidan, kuma shi ya ba da gwiwarsa aka hau. To ina Bachir, wanda kika ce da bakinki ya bar lakkol tun aji biyu na koleji? Ƙungiyar ɗalibai ce, wanda ba ɗalibi ba ko ƙwallon ba zai taɓa ba. Ba a ɗauko yaro daga ƙauye don kakarsa ta ce ya iya. Dillalin nan maƙaryaci ne, ki gaya masa in ji ni. Na ga irin yaran da suke kawowa da bizar umra, su zube su a wani ɗaki su kashe waya. Wasu suna nan bayanmu, takalman ƙwallonsu rataye a ƙusa, ba su iya fita ko masallacin Juma'a don tsoron a tambaye su takarda.

Yanzu zan faɗi wanda ya fi mini nauyi. Hoton nan. Bara da suka ɗauki kofin gasar jami'o'i ban je wurin ba, ba a ba masu aikin fili kati ba. A wayar wani mai gadi na kalla. Washegari aka kawo kofin makaranta duk ya yi danƙo, sun zuba lemo a ciki sun sha, ga shatin hannuwa. Sakataren mudir, wato shugaban makaranta, ya leƙo ya ce wa zai wanke wannan, aka ce ga shayib. Na kai shi famfon bayan ɗakin canza kaya na wanke da omo. Na ga hular ƙungiya wani ya yar a ƙasa, na kaɗe na sa. Na roƙi wani ɗan Bangaladash abokin sharata ya ɗauke ni. In kin duba da kyau, ƙasan hoton ta hannun dama, za ki ga bakin bokiti. Da kika kira kina guɗa kina tambaya ko na zama babba a wurin, na ce miki to, ana dai taɓawa. Ban yi ƙarya da baki ba, amma na bar ki da ita, kuma na ji daɗin barin ki da ita. Shekara talatin da huɗu ina ƙasar mutane, na so ko sau ɗaya a ce a gida Buraima ya zama wani abu. Ga shi wannan son ya kusa cinye garkar Baba.

Saura guda. Bana aka ce a filinmu za a yi wasan ƙarshe, da talabijin da manyan baƙi. Tun kafin nan sun ba wani kamfani kula da filin, suka ɗora mini wani injiniya mai turare, wanda bai taɓa taka ciyawar ba sai da takalmi. Abu na farko da ya yi, ya sa aka kwashe tarin takina na bayan katanga aka zubar, wai ƙazanta ce. Kin san halin kiri-kiri, in sanyi ya yi tsanani sai ta yi ja kamar ta mutu, alhali barci take. Ya zo ya duba ya ce kyamara ba ta son wannan launi, za a fesa mata fenti kore. Fenti, Delou, a kan abu mai rai. Na ce masa ko gawa ba a yi wa haka, ya ba ni mako uku da taki in tashe ta. Ya ce mamnu', an hana, takin tumaki na ƙauye ne, kuma ni ba a tambaye ni ba. Na ce masa lokacin da nake dasa filin nan yana tsotson yatsa. Tafinta bai fassara wannan ba, amma ya gane.

Kwamitin duba fili zai zo ran Lahadi, fenti kuwa sai bayan sun tafi. Ran Juma'a da hantsi makaranta ba kowa. Na sa wani mai akori-kura ya kawo mini taki daga kasuwar tumaki, na watsa shi baro bayan baro tun daga gola har gola. Na sani ɗanye ne, bai ruɓe ba, amma wa ya zubar da ruɓaɓɓen? Na ce kwana biyu na rana da iska za su kashe warin. Sai Allah Ya yi ikonsa, ran Asabar aka yi ruwa, a garin da yakan yi wata da watanni ba ɗigo. Lahadi da safe kwamiti suka sauko daga motoci da fararen riguna. Ba su kai tsakiyar fili ba kowa ya ja gefen mayafin kansa ya toshe hanci. Wani ya zame ya dafa ƙasa da hannu. Ƙudaje kuwa kamar mahauta. Warin har ofishin mudir a bene na biyu. Kafin azahar aka ɗauke wasan ƙarshe aka kai wani fili.

Mudir ya kira ni. Shekara ashirin da biyu ina wurin, ranar ya fara faɗin sunana, shi ma daga takarda ya karanto. Ya ce na kunyata kulliya a idon duniya. Ya ce saboda tsufana za su yi mini sassauci: in ba injiniya haƙuri a gaban ma'aikata, in dangwala yatsa a takarda cewa na lalata fili da jahilci, sai su mai da ni wankin ban-ɗaki su sabunta mini iƙama. Na ce ban iya karatu ba, amma yatsana bai taɓa hawa kan ƙarya ba. Na ce warin na yarda da shi, lalatawa ce ban yarda ba, su ba filin mako uku su gani. Hamissou ya zo har ɗaki ya durƙusa da gwiwar nan tasa, yana haɗa Larabci da Hausa, yana cewa ya Baba ka sa hannu, takarda ce kawai, wa ya damu da ciyawa. Na ce masa uwarsa ta yi ta cika jarka da zoɓo don wannan ciyawar, ya tashi ya ba ni wuri. Maulud ma ya ce taurin kaina ya fi na jakin da ke cin kiri-kirin. Har yanzu da yake rubutawa yana gyaɗa kai.

Mako uku suka cika. Sun hana ni shiga, amma ta ramin katanga na leƙa. Wallahi, Delou, tun da na dasa filin nan bai taɓa yin kore irin na ranar ba, shar kamar garkar albasa bayan ban-ruwa. Na tsaya ina jira wani ya fito ya ce shayib ya yi gaskiya. A makon nan katafila ta zo. Ashe tun kafin takina an riga an yi odar ciyawar roba, wai ita ba ta barci, ba ta wari, ba ta bukatar tsoho. Suka feɗe filin kamar fatar rago, suka loda a tirela, suka zuba magani da tsakuwa, suka shimfiɗa tasu kamar darduma. Tsakuwar da na tsince da hannu, ita suka sayo suka mayar. Ban yi kuka ba. Na dai san kiri-kiri, Baba ma ya san ta. Saiwarta tana nan ƙasa, wata rana za ta huda musu dardumar, ko ina raye ko ba na raye. Ƙungiyar kuwa ta sake ɗaukar kofin a can inda aka kai wasan. Ban san wa ya wanke shi ba bana.

An buga mini huruj niha'i, fita ba dawowa. Kwana sittin aka ba ni, har an ci goma. Kafin babbar salla ina gida in Allah Ya yarda. Hamissou zai zauna, takardarsa tana hannun kamfanin da yake wa aiki, kuma me zai yi a Jiratawa, shi da ko gaisuwar safe sai ya yi tuntuɓe? Na je maƙabarta in yi wa Muhibba sallama. A nan ba a rubuta suna, duwatsu ne biyu kawai, kuma an ƙara layuka da yawa. Na tsaya inda nake zato, na yi addu'a, in ba ita ba ce to wadda ke wurin ta samu. Ranar da ake loda tirela na tsinci guntun saiwa da ya faɗo a hanya, na dasa a gwangwanin madara a taga. Na so in taho da shi, Hamissou ya ce za a ƙwace a filin jirgi, kuma ina dalili, tunda na ce garkarmu cike take da ita. Na ce to na bar masa. Ya ce shi ba shi da lokacin ban-ruwa. Shekaranjiya da ya zo shan ruwa ya tafi, na taɓa ƙasar gwangwanin na ji ta da laima.

To kin ji, ƙanwata. Ba ni da gida a Maradi, ba ni da shago, ƙafata ba ta iya komai ba sai sanin inda ƙasa ke jin ƙishi. In aka sayar da garkar nan, Bachir zai ƙare a ɗakin bayanmu da takalmi a ƙusa, ni kuma in ƙare a zaurenki ina jiran a miƙo mini tuwo, ke kuma ki rasa zogale da tumatir da kike cefane da su. Ki riƙe ta. Bachir zai yi fushi, ki bar shi ya yi, ki ce masa kakansa Buraima ne ya hana, ya ajiye fushin har in zo mu yi ta gaba da gaba. Ki ce kuma kada a taɓa gindin garkar nan ta wajen tsohuwar rijiya, inda kiri-kiri ta gagari Baba. Ban yi alkawarin komai ba. Zan dai taka wurin da ƙafata in ji, sannan in ga ƙwallon nan da ake ta faɗa.

Ki gaishe mini da Gogo, ki ce mata tsohon yaronta yana tafe, ta daure ta jira ni. Ki gaida Inuwa da iyalinsa, da Rabi da yaranta, da liman da mutanen bakin gulbi duka. Sahadatou, ke da kike karantawa, Allah Ya yi miki albarka, abin da kika gani a takardar nan ya tsaya tsakaninki da uwarki har in iso in faɗa da bakina. Maulud yana gaishe ku, ya ce hannunsa ya gaji da masifata. Ku sa mu cikin addu'ar goman ƙarshe.

Hoton kuma, Delou, ki sauke shi daga bango tun kafin in shigo. Firam ɗin mai kyau ne, kada ki yar, ki sa na Baba a ciki. Kin nemi yatsana a takarda, ga shi nan ƙasa Maulud ya shafa mini tawada na dangwala. Ki nuna wa dillali, ki ce na ƙi ne.

Wassalam. Ni ne yayanki,
Buraima, mai ban-ruwa.